Wa ya kashe Eva Smith? Fashin baƙi kan alhakin da gida guda ya ɗauka a wasan Priestley

Yarinyar da aka gina wasan An Inspector Calls a kan mutuwarta ba ta taɓa takowa dandamali ba. Ba a ganin fuskarta, ba a jin muryarta, hoton nata ma da sufeto yake riƙe da shi 'yan kallo ba sa ganinsa. Abin da ake gani shi ne mutum 5 a ɗakin cin abinci suna murnar baikon 'yar gidan, sai ga ɗan sanda ya shigo ya ce wata budurwa mai shekara 24 ta rasu a asibitin garin bayan ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, kuma yana da 'yan tambayoyi. Kafin dare ya raba, kowannensu ya gane cewa hannunsa ya taɓa rayuwarta. Duk malamin adabi ko mai shirya wasa a Kaduna da ya ɗauki wannan labari zai sha tambaya ɗaya daga bakin ɗalibai: to Malam, a cikinsu wa ya fi laifi? Tambayar tana da daɗin muhawara, kuma ta nan aka fi ɓata wasan.

J. B. Priestley, marubucin wasan, mutumin Bradford ne a arewacin Ingila, an haife shi a 1894, ya rasu a 1984, ya kuma yi Yaƙin Duniya na Farko a matsayin soja. An fara nuna wasan a Tarayyar Sobiyet a 1945, sannan a Landan a 1946. Amma labarin ya mayar da shi baya zuwa wani dare a watan Afrilun 1912, a wani garin masana'antu da ya ƙirƙira ya sa masa suna Brumley. Don a gane nisan lokacin, shekara 5 ke nan kafin a dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Tazarar shekara 33 da ke tsakanin 1912 da 1945 da gangan aka yi ta. Maigidan, Arthur Birling, yana tsaye yana bugun ƙirji cewa ba za a yi yaƙi da Jamus ba, kuma jirgin ruwan Titanic ba zai taɓa nutsewa ba, alhali masu kallo a 1946 sun san jirgin ya nutse a cikin watan da yake maganar, sun kuma binne 'yan uwansu a yaƙi biyu. Saboda haka lokacin da ya ce kowa ya ji da kansa da iyalinsa kawai, tuni an riga an daina yarda da shi.

Sai a bi sarƙar yadda take, da kwanan watanta, domin tsarin aukuwarta shi ne ƙashin bayan hujjar.

Satumban 1910. Eva Smith tana aiki a masana'antar Birling, marainiya ce, daga ƙauye ta zo, ba ta da kowa a garin. Albashin mata irinta sule 22 da sisi ne a mako. Suka nemi a mayar da shi sule 25, wato ƙarin sule 2 da sisi. Birling ya ƙi, ya ce hakan zai ɗaga kuɗin da yake kashewa kan ma'aikata da kusan kashi 12 cikin 100. Suka shiga yajin aiki, amma da yake sun dawo daga hutun Agusta aljihu a bushe, yajin bai wuce mako ɗaya ko biyu ba ya karye. Ya karɓi sauran, ya kori huɗu ko biyar da suka ja gaba, har da Eva. Shi da bakinsa ya yarda cewa ta iya aiki, har ana shirin ɗora ta a kan wasu 'yan mata. Laifinta baki ne.

Ta yi wata 2 ba aiki. A farkon Disamba mura ta kwantar da ma'aikatan wani babban kantin sutura mai suna Milwards, aka ɗauke ta. A ƙarshen Janairun 1911 Sheila Birling, 'yar gidan, ta je gwada wata riga wadda mahaifiyarta da ma'aikaciyar kantin suka ce ba za ta karɓe ta ba. Ta nace, ta sa, ba ta yi mata kyau ba. Eva kuwa, da ta ɗaga rigar ta kara a jikinta, sai ta zauna mata ɗas. Sheila ta hangi murmushi a fuskar yarinyar, ta tafi wurin manaja ta ce ko a kore ta ko gidansu ya daina ciniki a kantin. Aka kore ta. Wannan shi ne aiki na ƙarshe mai albashi da ta samu a duniya.

Daga nan ta canza suna zuwa Daisy Renton. A Maris na 1911 Gerald Croft, ɗan gidan masu masana'antar da ke gogayya da ta Birling, kuma wanda ake bikin baikonsa da Sheila a daren, ya gamu da ita a mashayar gidan rawa na Palace, ya ƙwace ta daga hannun wani dattijon kansila da ya matsa mata. Ya ciyar da ita, ya ajiye ta a ɗakin wani abokinsa da ya tafi Kanada, ta zama dadironsa har farkon Satumba, lokacin da abin ya daina yi masa daidai. Ya sallame ta da ɗan kuɗi. Ta tafi bakin teku ta yi wata 2 ita kaɗai. A Nuwamba Eric, ɗan gidan Birling, ya same ta a wannan mashaya yana cikin maye, ya bi ta gida, ya tilasta ta buɗe masa ƙofa da barazanar zai tayar da hayaniya. Ta samu ciki. Ya riƙa ba ta kuɗi har kusan fam 50 da ya ɗebo daga ofishin mahaifinsa. Da ta gane na sata ne ta daina karɓa, ta kuma ƙi aurensa don ta san ba sonta yake ba. Mako 2 kafin daren wasan ta je gaban kwamitin ƙungiyar matan Brumley masu taimakon gajiyayyu, inda Sybil Birling, matar Arthur, ke da faɗa a ji. Ta kira kanta matar Birling, uwargidan ta ɗauki hakan cin fuska, ta sa aka hana ta taimako.

A lura da lissafin nan, don ɗalibai suna jin nauyinsa idan aka rubuta a allo: fam 50 sule 1,000 ne, wato albashin Eva na mako 44 da ɗoriya. Abin da uban ya hana a kan sule 2 da sisi, ɗan ya ɗebe ninkinsa 400 daga aljihun uban ba tare da an lura ba. A ƙarshe kuma uban yana cewa zai ba da dubbai in da za a gyara.

Kowace ƙofa da aka rufe ita ta tura ta ga ta gaba, kuma kowace ta gaba ta fi ta baya ƙasƙanci. Korar farko ta raba ta da masana'anta. Ta biyu ta raba ta da aikin mutunci gaba ɗaya, shi ya sa aka same ta a mashayar da maza ke zuwa neman mata. Gerald ya nuna mata daɗin samun mai kula da ita sannan ya janye. Eric ya bar ta da cikin da ya sa ba mai ɗaukarta aiki. Sybil ta toshe hanyar ƙarshe. A Ingilar 1912 mace irin Eva ba ta da ƙuri'a, domin sai a 1918 aka ba wa wasu mata 'yancin zaɓe, sai a 1928 aka daidaita su da maza, hukumar lafiya ta kyauta ga kowa kuwa sai a 1948. Wanda ya faɗi, kwamitin masu hannu da shuni ne zai duba ko ya cancanci a ɗaga shi.

Hausa tana da kalmomi biyu da ke warware rikicin wannan wasa, laifi da alhaki. Laifi shi ne abin da za a iya kai ka gaban alƙali a kansa. In da wannan ma'auni za a bi, Eric ne kaɗai zai kwana a hannu, saboda sata da kuma abin da ya yi wa yarinyar a daren farko, wanda wasan bai ambaci sunansa ba amma duk mai karatu da hankali ya san babu yardarta a ciki. Birling bai karya doka ba da ya kori mai yajin aiki. Sheila ƙorafin mai ciniki ta yi. Gerald ya ma taimaka da farko. Sybil ta yi amfani da ikon da kwamiti ya ba ta. Alhaki kuwa ba ya jiran kotu. Shi ne hakkin wanda ka zalunta ko ka wulaƙanta, ko da ba mai iya kama ka, shi ne wanda ake cewa kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Sufeto Goole bai kama kowa ba, bai rubuta takardar tuhuma ba, bai ma kula da satar Eric sosai ba. Alhaki ya zo karantawa.

Ɗaliban da suka yi karatun fiƙihu za su kawo ƙa'idar mai aikatawa da hannunsa da mai jawo sanadi: wani ya haƙa rijiya, wani ya tura mutum ciki, hukunci yana kan wanda ya tura. Da wannan ƙa'ida Eva ce ta ɗaga kwalbar da hannunta, sauran duk masu sanadi ne. Kada malami ya yi gardama da wannan, gaskiya ne a fagen hukunci, Birling ma hujjar da yake riƙe da ita ke nan, cewa abin da ya yi kusan shekara 2 da suka wuce ba shi da haɗi da abin da ya faru yau. Abin da za a nuna musu shi ne ƙa'idar an yi ta ne don alƙali ya san wa zai biya. Ba ta ce mai haƙa rijiya a tsakiyar hanya ya wanku a wurin Allah ba. Wasu kuma za su kawo batun dangin da ke haɗa diyyar kisan kuskure, su ce ai ga alhakin iyali nan. Wannan kwatanci ya kauce. A diyya mutum ɗaya ne ya yi ɓarna, dangi suka taya shi ɗauka saboda jini. A gidan Birling kowa da tasa ɓarnar, ya yi ta shi kaɗai, bai san sauran sun yi ba.

Shi ya sa aikin da wasu malamai ke bayarwa, na a raba laifin kashi-kashi, uba 30, uwa 25, da sauransu, yake kashe darasin. Alhaki ba gado ba ne da za a ce in naka ya ƙaru nawa ya ragu. Muguntar Sybil ba ta rage wa Sheila komai daga nata kishin ba. Rabon kashi ma shi ne ainihin abin da 'yan gidan ke yi da zarar sufeto ya fita: uba ya ɗora wa ɗa, ɗa ya ɗora wa uwa, uwa ta ɗora wa yarinyar. Aikin da ya fi amfani shi ne a ba kowane ɗalibi mutum ɗaya, ya amsa abu uku daga cikin rubutun: wane iko yake da shi a kan Eva a ranar, nawa tausayi zai ci masa, me ya ce da aka tona shi. Amsar ta biyu tana ba da mamaki, domin a kowane hali kuɗin tausayin kaɗan ne: sule 2 da sisi, haɗiye fushin minti 5, sa hannu a takardar kwamiti.

Sybil Birling ce ta fi wahalar wasa, ita ce kuma 'yan wasa suka fi ɓatawa. Sukan mayar da ita muguwar uwar miji irin ta fim, mai tsawa da zare ido. Ba haka take ba. Mace ce mai kimanin shekara 50, ta fi mijinta asali, tana magana a natse, kuma har zuciyarta ta yarda cewa ta yi daidai. Hujjarta tana da tsari: yarinyar ta fara da ƙarya, ta ce mijinta ya gudu, daga baya ta canza labari, kuma wai 'yar talaka ce za ta ƙi kuɗi don na sata ne? Wannan na ƙarshe shi ne asirin zuciyarta, ba ta yarda talaka yana da mutuncin da zai ƙi haram ba. A ƙarshen kashi na biyu na wasan sufeto ya bar ta ta yi ta zuba, tana cewa a nemo uban cikin, a kunyata shi a bainar jama'a, shi ne mai laifin duka. Sheila ta gane, tana roƙonta ta yi shiru. 'Yan kallo sun gane. Ita ce ta ƙarshe da ta gane ramin da take haƙawa na ɗanta ne, sai ga Eric ya turo ƙofa. In mai wasan ta fara da ihu tun farko, ba ta da inda za ta faɗo daga gare shi. A sa ta ta riƙe murya ƙasa, ta zauna a miƙe, kada ta kalli Sheila, har sai jimla biyu na ƙarshe.

Gerald kuma akasin haka ake yi masa, a wanke shi don ya yi ladabi kuma ya nuna ya ji mutuwar. Amma shi ne ya fita shan iska ya dawo da labarin da ya warware komai: ya tambayi wani sajan a hanya, aka ce babu sufeto mai suna Goole. Birling ya buga wa shugaban 'yan sandan garin, Kanar Roberts, ya tabbatar. Gerald ya ci gaba: wa ya ce hoto ɗaya aka nuna wa kowa? Hujjar tana da ƙarfi, domin sufeton ɗaya bayan ɗaya yake nuna hoton, ga Birling, ga Sheila, ga Sybil, bai taɓa barin biyu su gani tare ba. Gerald sunan Daisy Renton kawai ya ji, Eric kuwa ba a nuna masa komai ba. Aka buga asibiti, suka ce ba a kawo wata da ta kashe kanta ba. Iyayen da Gerald suka saki jiki, har ya sake miƙa wa Sheila zoben da ta mayar masa.

Nan ne ma'anar wasan ta fito fili. A ce 'yan mata 5 ne daban-daban, a ce ba wadda ta mutu. Shin an kori wata a kan sule 2 da sisi? An kora. An yi wa wata ciki an bar ta? An yi. Ba abin da wayar asibiti ta goge daga abin da suka faɗa da bakinsu. Sheila da Eric sun ga haka, manyan kuwa abin kunya suke tsoro, musamman Birling da ke jiran lambar girmamawa daga fadar Ingila, wanda abin da ya fara zuwa masa da ya ji satar ɗansa shi ne yadda zai rufe gibin a littafin kuɗi. In 'yan mata 5 ne, abin ya fi muni ma.

Ga masu son ɗora shi a dandamali a Kaduna, kayan aikin ba su da yawa: 'yan wasa 7, maza 4, mata 3 har da Edna 'yar aiki, ɗaki ɗaya, tebur, kujeru, wayar tarho, kashi 3 da ke bin juna ba tsallaken lokaci. Marubucin ya ce hasken ya kasance mai laushi, ja-ja, har sufeto ya shigo, sannan ya koma fari mai ƙarfi. Ko a zauren makaranta ana iya yin haka da ƙwan fitila iri biyu a kan makunni daban. Matsalar tana wurin mayar da labarin gidan Bahaushe. Saurayi ba ya zama cin abinci da surukansa ana raha, kuma kwalbar giya a teburin Alhaji za ta sa 'yan kallo su tsani gidan tun kafin a fara, alhali ana so su fara jin gidan mutunci ne. Ko dai a bar shi a Ingilar 1912, ko a mayar da zaman ya zama na bayan sa rana a falon attajirin GRA ɗan boko, shaye-shayen Eric kuma ya zama na ɓoye, wanda ƙanwa ko yaya ta sani, uwa ba ta sani ba. Haka ma yake a asali, Sheila ta san yana sha, Sybil tana ganinsa yaro.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, tun daga buɗe ta farko a 1957 har shekarun 1980, lokacin da mutane ke barin ƙauyukansu su zo Kaduna neman albashi. Akwai dattawa a Kakuri da Makera da Nasarawa da ba sa buƙatar a yi musu bayanin yajin aiki da kora. Sai dai a ƙirƙiri sunan masana'anta, kada a jingina wa wata ta gaske. Kada kuma a kawo shi bayan 2001 da wayar salula ta shigo, domin cikin minti ɗaya wani zai binciki sufeton ko ya ɗauki hoton hoton, kashi na uku ya rushe. Wajen ambaton abin da ta sha, kada a sa sunan wani maganin ƙwari da ake sayarwa a kasuwa don a burge, zauren cike yake da matasa. A ce ta sha guba, ya isa.

Abu biyu za su juya 'yan kallo su bar gidan Birling su koma kan yarinyar: cikin da ba aure, da kashe kai. Dukansu manya ne a addini da al'ada, a wurin Musulmi da Kiristan Kaduna baki ɗaya, kuma wasan bai halatta ko ɗaya ba. In aka yi sakaci za a fita ana cewa ita ta jawo wa kanta, wato an koma bakin Sybil. Maganinsa yana cikin rubutun. A ba wa wurare uku sarari, a rage sauri a kansu: ta nemi hakkinta a wurin aiki, ta ƙi kuɗin sata tana cikin yunwa da ciki, ta ƙi ɗaure Eric da auren dole kuma ta rufa masa asiri a gaban kwamiti. A cikin mutum 6 ɗin nan ita kaɗai ce ta bar wani abu da take buƙata saboda ba daidai ba ne.

Haka nan Sheila. 'Yar da ke mayar wa mahaifinta magana a gaban baƙo, 'yan kallonmu za su ce ba ta da tarbiyya, su daina sauraronta. A gyara ta wajen kira da murya. A asali tana fara wasan da kiran iyayenta irin na shagwaɓa, ta ƙare da kira na manya. A Hausa ta fara da Dadi da Momi, ta ƙare da Baba da Mama, kanta a sunkuye, tana cewa Baba ka yi haƙuri, amma abin da muka yi mun yi shi. Maganar da aka faɗa cikin ladabi ta fi wuyar turewa.

Saura ƙararrawar ƙarshe. Birling yana cikin yi wa 'ya'yansa dariya waya ta yi ƙara: wata yarinya ta rasu a hanyar asibiti, sufeto yana tafe da tambayoyi. Kuskuren da aka saba yi shi ne a buga ƙararrawar bayan ya gama dariya an yi shiru, sai ta zama abin da ake jira. Ta katse shi a tsakiyar raha. A bar ta ta yi ƙara sau biyu ko uku ba wanda ya motsa, ya ɗauka, ya saurara, ya ajiye a hankali kafin ya buɗe baki. Kada a dawo da mai wasan Goole bakin ƙofa, kada a sa kiɗa. Edna tana iya tsayawa a gefe da faranti a hannu, tunda ita ce za ta je ta buɗe ƙofar, sannan a kashe fitila.